Fushina a Bakin Baƙi

Abubuwa da yawa sun same ni a shekarun da na yi a Kuala Lumpur, wasu ma sai an tuna mini nake tunawa. Amma wannan da zan ba ku labarinsa, ko na so in manta ba zai bar ni ba, domin har yau yana yawo a bakin mutanen da ban sani ba, su ma ba su san ni ba.

Na bi maigidana ne lokacin da ya samu tallafin karatun digiri na uku. Muka kama gida a Wangsa Maju, hawa na goma sha ɗaya, ɗakuna biyu da ɗan falo. Shi yana wuni a makaranta, ni ina gida da keken ɗinkin da na saya na hannu, ina yi wa matan 'yan Najeriya dogayen riguna da hijabai. A shekara ta biyu na samu ciki, bayan ɓari biyu da na yi a baya. Cikin yana wata bakwai Allah Ya yi wa mahaifiyarmu rasuwa a Kano, amma ba a gaya mini ba. Yayata, wadda take bin babban wanmu, ita ta hana kowa faɗa, har maigidana ta kira ta roƙe shi ya yi shiru. Duk lokacin da na buga waya sai ta ce Hajiya tana barci, ko ta shiga banɗaki, ko an kai ta gidan kawu. Ni kuma sai in bar mata saƙon murya, ina ba ta labarin yadda ɗan ke motsi, ina tsokanarta cewa ta fara haɗa mini yaji. Sai da na haihu, na kusa yin arba'in, sannan maigidana ya zaunar da ni ya gaya mini.

Wata uku ina gaida wadda take kabari. Maigidana na yafe masa cikin sati guda, don kullum ina ganin fuskarsa. Yaya kuwa tana nesa, sai na tattara komai na ɗora mata. Na daina ɗaukar wayarta.

A cikin wannan halin ne maƙwabciyata, wata 'yar asalin ƙasar mai kirki da take yawan kawo mana abinci, ta zo da ƙaninta. Siriri ne, mai dogon gashi, idanunsa kamar wanda bai taɓa ƙoshi da barci ba. Ya ce fim yake shiryawa, kuɗinsa kaɗan ne, yana neman mai ɗinka masa riguna da yawa iri ɗaya. Maigidana ya ce in karɓa, ko na samu abin da zai ɗauke mini hankali. Muka je Jalan Masjid India ni da maƙwabciyar, muka zagaya shaguna har muka samu wani yadi mai kauri, ruwan toka, wanda ba mai saye. Rigunan ba su da aljihu, ba su da maɓalli, suna da hula mai rufe fuska sai ido. Da na gama ta farko na rataye ta a jikin ƙofa, sai na ji ba na son juya mata baya. Na cire na ninke.

Labarin fim ɗin, kamar yadda ya ba ni, shi ne Kuala Lumpur ta nan gaba, bayan hayaƙi ya rufe rana, ruwan sha ya koma hannun wasu 'yan tsiraru. An kafa lasifika a kowane lungu. Ba wanda ya san mai magana a ciki, ba wanda yake jin yarensa, amma duk lokacin da muryar ta tashi, masu ruwan toka za su fito su kwashe mutanen unguwa guda, ba a sake ganinsu. Sai wata yarinya mai babur, wadda aka ɗauke mata uwa, ta ɗaura ɗamarar hawa dogon benen da muryar take fitowa, tana faɗa da su hawa-hawa har ta kai sama.

Ranar da na kai kashi na ƙarshe na rigunan, na ga wurin da suke ɗaukar fim ɗin. Wani katafaren gini ne da aka fara aka watsar, a bayan gari, ciyawa ta cinye ƙasansa, ruwa yana ɗiga daga sama ko ba a ruwa. Da rana tsaka ne, amma ciki duhu-duhu. Na shiga da jaririna a goye, sai na tarar da mutane sun kai arba'in a tsaye cikin rigunan da na ɗinka da hannuna, sun yi sahu, ba mai motsi, ana gyara fitila. Na san ɗalibai ne da direbobi da masu sayar da abinci da aka ɗauko, na ma ga wasunsu suna cin shinkafa a waje ɗazu. Duk da haka da suka juyo gaba ɗaya suka dube ni ta cikin ramukan idon nan, sai da na ja da baya. Yaron ya fara kuka, na juya ina lallashinsa da Hausa.

Ashe daraktan, ƙanin maƙwabciyar tawa, yana bayana yana saurare. Ya ce, "Kak, wane yare ne wannan?" Kak ɗin nan haka suke kiran babbar 'yar'uwa. Na gaya masa. Ya ce ya yi wata biyu yana neman muryar lasifikar, ya gwada ƙirƙirar yare, bai yi ba, ana ji an san wasa ne. Yana son yare na gaske wanda ba kowa zai gane ba a nan.

Na ce, "To me zan ce?"

Ya ce, "Komai lah. Ko lissafin kayan miya ne. Ba wanda zai gane. Ki dai faɗa kamar kina nufinsa."

Maigidana ya amince tunda murya ce kawai, kuma ba za a sa sunana ba. Shi ya raka ni Sri Petaling wata Asabar da hantsi, wani ɗan ɗaki a saman wani kantin shayi da abinci, irin wanda suke kira mamak, an lulluɓe bangonsa da soso. Ya zauna a ƙasa da yaron yana shan shayi. Aka rufe ni ni kaɗai, aka sa mini abin ji a kunne. Ban taɓa shiga wuri mai shiru irin wannan ba, har bugun zuciyata nake ji. Na fara da kayan miya kamar yadda ya ce, tumatir, tattasai, albasa, ina dariya. Ta cikin gilashi daraktan ya girgiza kai. Ya ce, "Kak, ki tuna wani da ya ɓata miki rai. Ki yi masa magana."

Ban yi niyya ba, Allah Ya sani. Na rufe ido kawai, sai na ji bakina yana cewa, "Yaya, kin ɓoye mini. Kin rufe ta ban gani ba. Wata uku ina gaida kabari. Ban yafe ba, ba zan yafe ba." Ban ɗaga murya ba, ban yi kuka ba. A hankali na faɗa, na kuma maimaita, ban san sau nawa ba. Da na buɗe ido, daraktan da mai ɗaukar sautin sun zuba mini ido. Daraktan ya ce, "Boleh. Ya isa." Bai tambaye ni ma'anar ba, ni ma ban faɗa ba. Da muka sauko maigidana ya ce me na ce musu, na ce kayan miya.

Gaskiya a ranar na ji sauƙi a ƙirjina. Na ɗauka na zubar da abin a inda ba zai cutar da kowa ba.

Fim ɗin ya fito bayan shekara guda, ya kuma faɗi warwas. Maƙwabciyata ta ce sati ɗaya ya yi a sinima aka cire shi, masu sharhi suka ce duhu ya yi yawa, faɗan ya yi muni, labarin ba daɗi. Ƙanin nata ya koma ɗaukar bidiyon biki. Ni ko kallonsa ban yi ba. Su ma suka tashi daga benenmu, zumunci ya yi sanyi.

Ni da Yaya muka koma gaisawa bayan shekara biyu, da matsawar babban wanmu. Amma gaisuwar fatar baki ce, ta sallah da ta azumi. Ba ta taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Ina jira ta ba ni haƙuri, ita kuma ban san me take jira ba. Maigidana ya gama karatu ya samu koyarwa, muka ci gaba da zama. A shekarar da annoba ta rufe duniya, Yaya ta kwanta kwana huɗu ta rasu. Wannan karon an gaya mini a kan lokaci, sai dai babu jirgin da zai kai ni.

A wannan zaman kullen ne, ashe, fim ɗin ya farka. Matasa suna zaune a gida, tituna ba kowa, kowa fuska a rufe, motoci suna yawo da lasifika suna cewa a zauna a ɗaki. Wani ya tono shi ya sa a intanet, aka ce ai ga fim ɗin da ya hango abin da muke ciki. Daga nan ya bazu. Ni duk ban san wainar da ake toyawa ba.

Na fara sani ne a cikin LRT, jirgin ƙasa na cikin gari, bayan an buɗe gari da daɗewa. Ina dawowa daga sayen yadi da la'asar, hadari ya haɗu, jirgin ba cika. Wasu samari uku da budurwa ɗaya, 'yan China da ɗan asalin ƙasar, suna tsaye kusa da ƙofa suna hira. Sai ɗayansu ya ja hular rigarsa ya rufe fuska, ya sunkuyar da kai, ya ce da wata irin murya mai sanyi, "Yaya, kin boye mini." Sauran suka amsa tare, "Kin rupe ta ban gani ba."

Na ɗauka kunnena ne. Na duba ko akwai Bahaushe a jirgin, babu. Suka ci gaba har ƙarshe, ba su tsallake kalma ko ɗaya ba, har inda na ja numfashi a wancan ɗakin su ma a nan suka ja. "Ban yape ba, ba zan yape ba." Sannan suka fashe da dariya, suka sauka a tasha ta gaba. A bayan rigar budurwar an rubuta kalmomin da manyan baƙaƙe, an karkace rubutun, amma na karanta. Na wuce tasharmu har biyu ban sani ba.

Da na isa gida na bincika a waya. Na ga abin da ya hana ni cin abinci. Suna da ƙungiyoyi, suna ɗinka rigunan ruwan toka irin nawa, suna taruwa duk Lahadi a wani tsohon sinima su kalla tare. Suna ta musu a kan yaren lasifikar. Wasu sun ce ƙirƙira ce, wasu sun ce addu'a ce ta wasu mutanen da suka shuɗe, wani ya rantse cewa idan aka juya sautin baya ana jin sunan wanda zai mutu. Can ƙasa na ga wani, da alama ɗanmu ne, ya rubuta cewa Hausa ce, wata ce take faɗa da yayarta. Ba wanda ya kula shi. Ba su son ya zama abu mai sauƙi haka.

Na yi shiru da bakina, ko maigidana ban gaya wa ba. Na ce a raina, a cikin garin nan mu nawa ne masu jin Hausa, kuma wa zai san muryata bayan an sa mata amsa-kuwwa?

Shekara guda bayan haka 'yar Yaya ta fari ta zo karatu wata kwaleji, ta sauka a wurinmu. Yarinya ce mai fara'a, kamar uwarta ta yi kaki ta tofar, har yadda take naɗe hannun riga idan za ta yi wanke-wanke. Na riƙe ta kamar ni na haife ta, wataƙila har da ƙari, don ina jin kamar ina biyan wani abu. Wata Lahadi ta ce ƙawayenta za su kai ta kallon wani tsohon fim da rana, daga nan su yi makan, wato su ci abinci, su dawo. Ban kawo komai a raina ba.

Ta dawo kafin magariba, da ledar abincin da ta yi mana tapau, wato ta sa aka ƙunsa mana. Ta ajiye a kan tebur, ba ta cire hijabi ba, ta tsaya a ƙofar kicin tana kallona ina yanka albasa.

Ta ce, "Anti, kin taɓa yin aiki da masu fim?"

Wuƙar ta tsaya a hannuna. Na ce na taɓa yi musu ɗinki.

Ta ce, "Da na ji Hausa dariya na fara yi, har na taɓa ƙawata na ce yarenmu ne. Sai na ji an ce wata uku ina gaida kabari." Ta matso kusa da ni. "Mutum nawa ne a duniya za su faɗi wannan, Anti?"

Na ce mata lokacin ina cikin zafi, ban san abin zai kai haka ba, an ce mini ba mai ganewa. Tana saurare, ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "Ina ɗakin ranar da Hajiya ta yi maganar. Shekarata goma sha ɗaya, ina yi mata fifita. Ita ta kama hannun Umma ta ce, idan ta Allah ta kasance kada a gaya miki sai kin sauka lafiya, ta ce cikin nan na uku ne, ba ta son ta zama sanadi. Ta sa Umma ta yi alkawari. Ta kuma ce kada a ce miki ita ta ce, don kada ki riƙa jin kamar saboda ke aka yi mata jana'iza ba ke."

Na zauna a ƙasan kicin ɗin.

Ta ce, "Duk saƙon da kika turo, Umma ce take saurara. Sai ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa."

Na tambaye ta abin da ya fi damuna, ko Yaya ta yafe mini kafin ta rasu. Ta ce, "Ban sani ba, Anti. Ba ta taɓa cewa kin yi mata laifi ba." Ta shige ɗakinta. Sati guda gaisuwa kawai ke haɗa mu.

A daren wannan Lahadin na gaya wa maigidana komai. Bai yi mini faɗa ba, ya dai nemo mini lambar daraktan ta wajen tsohuwar maƙwabciyarmu. Muka haɗu a wani kantin shayi. Ya yi ƙiba, furfura ta fito masa, yanzu har gayyatarsa ake yi ƙasashe ya yi magana a kan fim ɗin. Ya yi murnar ganina ƙwarai, ya ce shekaru ana tambayarsa mai muryar, bai taɓa faɗa ba. Na fassara masa kalmomin ɗaya bayan ɗaya, na gaya masa wadda aka yi wa su, na roƙe shi ya cire.

Ya ajiye kofin shayinsa. Sannan ya ce, "Kak, ki yi haƙuri, da na tambaya tun ranar. Zan iya cirewa daga kwafin da ke hannuna, gobe ma. Amma fim ɗin ya bar hannuna tuntuni. Yana cikin wayoyin mutane, yana kan rigunansu. Ko na kashe sautin gaba ɗaya, su za su faɗa da bakinsu. Ki zo ranar Lahadi ki gani."

Ban so zuwa ba. 'Yar Yaya ce, da ta ji muna maganar da maigidana, ta fito ta ce, "Idan za ki je, zan raka ki."

Ƙarfe uku na rana aka fara. Tsohon sinima ne mai warin sanyi, a saman wasu shaguna. Mun zauna a layin ƙarshe, mu biyu da hijabanmu, gabanmu kuwa kujeru cike da ruwan toka, ɗaruruwa, kowa ya ja hularsa. A ranar na fara kallon fim ɗin. Na ga yarinyar mai babur tana hawa bene, jini a fuskarta, tana dukan mutanen da na san ni na ɗinka musu riga. 'Yan kallo suna ihu, suna tafi, sun san kowane duka kafin ya sauka. Da ta kai hawa na ƙarshe ta buɗe ƙofa, ba kowa a ɗakin, sai wata na'ura tana juyawa ita kaɗai. Wurin ya yi tsit. Suka miƙe tsaye gaba ɗaya, ba wanda ya ba su umarni.

Sai muryata ta fito daga bango, ƙaramar yarinya mai jego wadda ta tabbata ita aka zalunta. Daraktan yana gefe, na ga ya ɗaga hannu ya yi wa mai na'ura alama, aka kashe sautin. Bai canza komai ba. Suka ɗauka daga inda ta tsaya, murya ɗaya, a hankali, ba gaggawa, suna kiran Yaya. Na ji abin yana shigowa ta tafin ƙafata. Ba su san ta ba, ba su san tana da ɗiya a layin baya ba, suna ta gaya mata ba za su yafe ba.

Ban san lokacin da na fara magana ba. Duk sanda suka ce ban yafe ba, sai in ce, "Na yafe, Yaya. Ki yafe mini." Ni kaina ba na jin muryata a cikin tasu. Na ci gaba dai. Can na ji hannun 'yar Yaya ya kama nawa, ita ma bakinta yana motsi, tana yi wa uwarta da kakarta addu'a. Haka muka yi har aka kunna fitila, masu ruwan toka suka cire huluna suka koma yara masu dariya, suna tambayar juna inda za a ci abinci. Wata ma ta tsaya ta ba mu hanya cikin ladabi.

A jirgin komawa yarinyar ta jingina kanta a kafaɗata ta yi barci. Ba mu sake tayar da maganar ba, amma daga ranar ta dawo cin abinci tare da mu.

Har yanzu ana nuna fim ɗin, kuma na daina neman hanyar tsayar da shi. Abin da na koya shi ne babu wurin da mutum zai zubar da mugunyar magana ya ce ta tafi ke nan, ko da a cikin yaren da ba mai ji ne, ko da a ɗakin da aka toshe da soso. Na kuma koyi cewa wanda ya yi shiru kana zarginsa, ba lallai ne don ba shi da amsa ba, wataƙila amanar wani yake riƙe da ita. Ina da shekaru masu yawa da waya a hannuna da zan iya kiran Yaya in tambaye ta dalili, ban kira ba. Idan kana da wanda kake jira ya fara ba ka haƙuri, kuma yana raye, ka kira shi yau ka tambaye shi abin da ya faru.